Garejin da ke tada tsohuwar motar da ta daɗe a ajiye a Birnin Kebbi: inda suka iya da inda suke sakaci

Masu riƙe da tsofaffin motoci a Birnin Kebbi ba su da yawa, don haka duk wanda ya ɓace a cikinsu nan da nan ake ganewa. In aka yi Asabar biyu ko uku ba a ga mutum a majalisar bayan La'asar ba, an kira wayarsa ba ta shiga, sai a tashi mutum biyu su je gida. Wani a tarar yana kwance, wani an wuce da shi asibiti Sakkwato, wani aiki ya mayar da shi Yawuri ko Zuru. Wani kuwa lafiyarsa ƙalau, tsadar fetur ce ta sa ya jingine motar tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, kuma ba zai iya zuwa cikin abokai a bayan ɗan kabu-kabu ba. Ana gama gaisuwa da ya jiki, ido ke komawa ƙarƙashin dogon yaro, inda motar take lulluɓe da tamfol, tayoyi sun kwanta.

A kan irin wannan motar ce wani gareji da ke gefen hanyar Kalgo ya yi suna. Aiki iri biyu suke sayarwa. Na farko tayarwa: su zo har gida su farfaɗo da motar da ta yi watanni ko shekaru ba ta motsa ba. Na biyu zagayen wata-wata: yaron gareji ya riƙa leƙo motar kafin mai ita ya warke ko ya dawo. Hukuncinmu a taƙaice shi ne na farkon ya ci kuɗinsa, in ban da birki. Na biyun, yadda suke yin sa yanzu, gara babu.

Kafin a zo ga sifana, akwai abin da ya kamata a yaba musu. Ba sa taɓa mota da izinin aboki kawai, komai kusancinsa da mai ita. Sai mai motar ya yi magana da bakinsa, ko a waya, ko kuma babban ɗansa ko ƙaninsa ya tsaya a wurin da makulli. In mai motar ya rasu, suna cewa ta zama dukiyar magada, ba sa kwance ko noti ɗaya sai magadan sun yarda. Wanda ya san yadda kafireta ko fitilar baya ta asali ke ɓacewa da sunan taimako zai gane amfanin wannan.

Gwanintarsu a Peugeot 504 take, wadda kowa ke kira Fijo. Ba abin mamaki ba ne. Motar ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna ya fara aiki a 1975 ya kuma ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da barinta. Duk bakaniken da ya yi furfura a arewa a kanta ya koyi aiki. Aikin da muka auna su da shi wata 504 ce salun, mai inji 1971 cc, da ta yi wata goma sha huɗu a tsakar gida, ta sha damina ɗaya da hunturu ɗaya da bazara biyu.

Ranar farko ba su zo da batir ba sam. Da ɗan gidan ya tambayi dalili, sai ogan ya ce: "Ranka shi daɗe, motag ga ba mutuwa ta yi ba, kwana takai. In an tashe ta da garaje sai ta karye." Wannan maganar ita ce duk bambancinsu da garejin da ke zuwa da batir ɗin tifa da galan ɗin fetur ya ce a danna.

Da sanda suka ɗaga tamfol da bonet, saboda kunama da maciji. Suka buɗe gidan filtar iska, inda ɓera ya tara tsumma da ɓawon gyaɗa har ya cika. Suka leƙa bakin salansa, suka tarar zanzaro ya gina ɗakinsa na laka ya toshe fiye da rabi. Salansar da ta toshe haka takan sa inji ya tashi ya mutu, ya tashi ya mutu, bakanike ya yi ta zargin kafireta a banza. Suka bi wayoyin da ke bayan inji ɗaya bayan ɗaya da hannu, suka samu biyu da ɓera ya ci rigarsu.

Sai sandar awon mai. Abin da ake nema a nan ba ƙarancin mai ba ne kawai, har da yawansa. In bakin mai ya haura alamar sama, wani abu ya shiga cikinsa. In yana warin fetur ya kuma tsinke, fatar da ke cikin famfon fetur ta yage, fetur na zurarewa ƙasa. In ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ne. Sun sassauta notin ƙasan inji kaɗan ba su cire shi ba, suka tara kofi. Ruwa ya fi mai nauyi, in mota ta daɗe a tsaye yakan kwanta a ƙasa, shi ke fara ɗigowa. A wannan motar mai ne zalla ya fito, baƙi wuluk amma babu ruwa.

Wannan gwajin ya fi muhimmanci a Fijo fiye da sauran motoci, domin silindarta ba a jikin inji aka huda ta ba. Hannun riga ne na ƙarfe guda huɗu da ake zurawa, ruwan sanyaya inji na zagaye su kai tsaye, akwai kuma abin toshi a gindin kowanne. In ya lalace ruwa ya sauka cikin mai. Shi ya sa duk wanda ya cire tof silinda a Fijo ya juya inji ba tare da ya danne hannayen rigar ba, ya jawo wa mai mota kwance inji gaba ɗaya, don fistin zai ɗaga su. Garejin nan na da ƙarafan dannewa da suka yanka da kansu, suna rataye a akwatin kayan aiki. In za ka gwada bakaniken Fijo, tambaye shi waɗannan. In ya tsaya yana kallonka, kar ya taɓa tof ɗin.

Fulogin 504 a cikin rami mai zurfi suke, ramin kuma yana tara ƙurar hunturu. Sun hura shi da famfon taya kafin su kwance, don kada yashin ya faɗa kan fistin. Suka zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya, wajen mililita 10, a kowace silinda da sirinji, suka toshe ramukan da tsumma mai tsabta, suka tafi. Aikin ranar ke nan.

Washegari suka cire murfin bawul, suka sa sifana a notin fulin gaban inji suka juya da hannu a hankali, zagaye biyu cikakku, domin sai an yi biyu kowane bawul cikin takwas ɗin ke buɗewa ya rufe. Ogan ya tsuguna yana kallon su. Bawul ɗaya na shigar mai a silinda ta uku ya sauka, ya dawo da nawa. Danƙon tsohon fetur ne ya kama shi. Suka ɗiga masa kananzir gauraye da mai, suka riƙa ƙwanƙwasa shi da guduma ta roba har ya soma dawowa da kansa, ƙas, kamar sauran. Da an sa batir an danna tun jiya, ko an tura motar an saki kuloci kamar yadda matasan unguwa suka so a yi, da sandar da ke tura wannan bawul ɗin ta lanƙwashe, ko fistin ya buge shi. Minti ashirin aka ɓata a kansa. Daga nan suka saita tazarar bawul inji na sanyi da ma'auni, ba da ido ba: 0.10 na milimita a na shiga, 0.25 a na fita.

Fetur ɗin da ke tanki ya koma ja, yana warin fenti. Sun zubar da shi duka, suka kuma ƙi haɗa tankin da inji a tashin farko. Galan mai tsabta suka rataya, suka ja tiyo daga ciki zuwa famfo. Tanki da aka bari kusan fanko yakan yi gumi daga ciki a damina, ya yi tsatsa, garin tsatsar kuma shi ke toshe kafireta mako guda bayan an gama aiki, a ce bakanike bai iya ba. Sun sauke shi sun wanke, sun sa ƙaramar filta mai gilashin roba a kan layi don a riƙa ganin abin da ke wucewa. Duk tiyon roba na fetur sun canza shi, har wanda bai nuna tsagewa ba sai an lanƙwasa. Kafireta kuwa sun buɗe ta, sun wanke kwanonta da allurar da ke tsayar da mai, sun hura jet-jet ɗin da iska. Ba su zura musu waya ba. Jet tagulla ne, waya na faɗaɗa raminsa, daga nan mota ta soma shan mai kamar raƙumi ba wanda ya san dalili.

Ɓangaren wuta bai ɗau lokaci ba. Kwantak ya yi fari saboda zama, an goge shi an saita 0.40, fulogi 0.6. Sun bar tsohuwar kwandansa a wurinta tun da tana aiki, mun kuma goyi bayansu, domin sababbin da ke kasuwa da yawansu ba sa kai wata uku. Jerin wutar 1-3-4-2 ne, kuma a Fijo silinda ta ɗaya ita ce ta baya, wadda ke kusa da giyabos, ba ta kusa da lagireto ba. Yaran da suka saba da motocin Japan a nan suke ruɗewa.

Suka juye tsohon mai, suka sa sabuwar filta da lita 4 na 20W-50. Kafin a mayar da fulogi suka cire wayar kwayil, suka danna kik na daƙiƙa goma, a huta, a sake, har jar fitilar mai ta mutu. Ma'anarsa mai ya kai ga boris kafin a ɗora musu nauyi. Sannan aka mayar da fulogi, aka ja cok. A dannawa ta uku ta kama, ta yi hayaƙi shuɗi na ɗan lokaci yayin da man da aka zuba a silinda ke ƙonewa, ta zauna a sulo. An auna caji a kan batir, ya ba da bolt 14.1, wanda ke cikin 13.8 zuwa 14.4 da ake so.

Har nan babu abin zargi. Daga nan ne aka fara samun ratsi.

Na farko tamostat, ɗan ƙarfen da ke riƙe ruwa har inji ya yi ɗumi. Al'adarsu ita ce cire shi su jefar, kamar yadda kusan kowane gareji ke yi, da hujjar zafin Kebbi. Kulle fankar lagireto ta riƙa juyawa kullum, maimakon a bar ta ga maganaɗisun da ke kama ta in an yi zafi, wannan muna iya yarda da shi a garin da ke haura digiri 40 a Afrilu. Amma cire tamostat daban ne. A safiyar hunturu inji zai yi ta tafiya a sanyi, fetur na wanke mai daga bangon silinda, ringi na ci. Kuma in mota na zafi, dalilin yawanci lagireto ne da ruwan rijiya ko na burtsatse ya cika da farin gishiri, ba tamostat ba. Gwada shi ba wuya: a jefa shi a ruwan zafi a tukunya, in ya buɗe kafin ruwan ya tafasa lafiyarsa lau. In ka nace za su bar maka shi, amma sai ka faɗa tun kafin su kwance. Haka kuma ruwa zalla suke zubawa in ba ka kawo ruwan lagireto na gora da kanka ba, alhali tof ɗin Fijo alminiyom ne, ruwa zalla na cinye shi daga ciki.

Na biyu, wanda ya fi tsanani, birki. Sun ƙwanƙwasa gangar baya da hambirki ya manne wa, suka saki, suka cika kofin man birki, suka taka suka ji tauri, suka ce ya yi. Bai yi ba. Man birki na shan danshin iska, wanda ya kwana damina a mota ya sha isasshe. Ruwan da ke cikinsa na sa fistin ɗin birki tsatsa, yana kuma tafasa in birki ya yi zafi, sai ƙafa ta nutse har ƙasa a lokacin da aka fi bukata, a ce bayan tirelar shinkafa a hanyar Jega. Abin da ya kamata shi ne a fitar da tsohon duka ta kowace ƙafa, a fara da wadda ta fi nisa da kofin, har sabo ya fito garau. Lita ɗaya ta DOT 3 ko DOT 4 ta isa, har da kuloci, domin na 504 ma da irin man yake aiki. Sai da aka matsa suka yi, aka kuwa ga abin da ya fito kamar ruwan kwata, aka kuma gano robar silindar ƙafar baya ta dama na tsatsafo. Sun iya aikin sarai, ba sa dai saka shi cikin lissafi in ba a ce ba. Ka tsaya ka ga gorar da aka buɗe da idonka. Man giya ko baƙin mai in ya shiga layin birki, duk robobin kumbura suke yi.

Taya ma haka. Sun kira mai faci ya ba su iska, shi ke nan. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Tayar da ta shekara bakwai ko takwas, ta kuma yi watanni a kwance a kan rim cikin rana, zanenta na iya zama sabo fil amma gefenta ya mutu. Ba su duba ba.

A kan Volkswagen Bitil, wadda aka haɗa a Legas daga 1975, aikinsu matsakaici ne. Sun san mai lita 2.5 ne, babu filta sai rariya a ƙasa da ake wankewa, bawul 0.15, jerin wuta 1-4-3-2. Sun san kuma batir na ƙarƙashin kujerar baya, in babu murfi a kansa ƙarafan kujerar na iya haɗa wuta da zarar wani ya zauna. Abin da suke tsallakewa shi ne leƙa ƙarƙashin gwangwanin da ke rufe silinda. Bitil da iska take sanyaya, nan kuma ɓera ya fi son yin gida. In ba a fitar da shi ba inji zai tashi lafiya, ya ƙone kafin a kai Argungu. Marsandi ta dizal kuwa da kansu suke cewa a kai wa wani, wannan gaskiyar ma abin yabo ce.

Zagayen wata-wata shi ne inda kuɗin mutane ke tafiya a banza. Yaro ya zo da batir, ya tada mota, ta yi minti biyar ko goma a sulo, ya kashe, ya ɗauki hoto ya tura. Masu gida sun ji ƙara, hankali ya kwanta. Amma a minti goma mai bai yi zafin da zai kori danshi ba, tururin da ƙonewar fetur ke haifarwa ya kwanta a salansa ya ruɓar da ita, fulogi ya yi baƙi saboda cok, birki da kuloci da giya ba wanda ya motsa. Ko dai a fitar da motar ta yi tafiyar rabin awa, Kalgo da dawowa, ana taka birki ana canza giya, ko kuma a kwantar da ita yadda ya kamata a bar ta.

Kwantarwar ba ta da wuya, kuma in ka ba su jerin za su yi cikin awa biyu. Sabon mai kafin ajiya, ba bayanta ba, domin tsohon na ɗauke da tsami mai cin boris. A cire kan batir na ƙasa, wato negatif, ko a ɗauke batir ɗin a riƙa cajinsa duk wata. Cikakke bolt 12.6 yake nunawa, wanda ya zauna ƙasa da 12 na makonni ba ya komawa daidai. A saki hambirki a sa dutse ko katako a taya. A ɗora motar a kan bulo da katako don tayoyi su huta. A toshe salansa da bakin filtar iska da ragar waya, a kuma rubuta a takarda a manna a sitiyari don kada a manta. A ƙarar da fetur ɗin kafireta. A fitar da duk wani abin ci, har ƙwayar dabino ɗaya a aljihun gaba. A kuma matsar da ita daga ƙarƙashin dogon yaro, domin ganyensa ke toshe magudanar da ke gindin gilashin gaba, ruwa ya koma ciki ya ci daɓen mota. Rumfar kwano ta fi tamfol ɗin roba, wanda ke riƙe danshi a damina ya kuma goge fenti da ƙura in iska ta kaɗa. Gidan da ke kusa da fadama, inda ruwa kan shigo kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020, gara a kai motar tudu tun Yuli.

Kuɗin aiki suna yanka shi ne kashi-kashi, na zuwa gida daban, na inji daban, kaya kuma kai za ka saya ko ka ba da a sayo. Tsofaffin kayan da aka cire suna mayar maka a leda ba sai ka tambaya ba. Abin da babu a gari suna aikawa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, yakan ɗauki kwanaki, don haka kada a sa musu ranar biki. Ba sa rubuta komai, ko rasit ko jerin abin da aka yi. Tun da sau da yawa mai motar na kwance ne wani ke tsaya masa, wanda ya tsaya ɗin ya riƙe littafi ya rubuta kowane abu da kuɗinsa, don ranar da Alhaji zai miƙe ya tambaya.

Takardu ba aikinsu ba ne, ba kuma za su tuna maka ba. Lasin mota da inshora shekara ɗaya suke yi, motar da ta yi wata goma sha huɗu nata sun ƙare. Inshorar da doka ta wajabta wa motar gida ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. A sabunta su kafin ranar gwajin hanya, domin tsohuwar Fijo mai sheƙi ita ce ta farko da jami'an hanya ke ɗaga wa hannu, ko don su leƙa cikinta.